Ragar da Ba Ta Kama Ba

Tsakuwar farko ta faɗo ne ana gab da kiran magariba, matar Injiniya tana tsane shinkafa a kicin. Ta bugi murfin tukunya, ta gangara ƙarƙashin kabad. Matar ta ɗaga kai ta dubi silin, ba tsaga ko ɗaya, tagar ma a rufe take. Da ta durƙusa ta lalubo tsakuwar sai ta ji ta da ɗumi, kamar yanzu ta fito daga tafin hannun mutum.

Ba ta gaya wa kowa ba. Dama ita ba mai yawan magana ba ce, kuma a watannin nan gidan ya zama irin gidan da ko cokali ya faɗi sai kowa ya ji kunya. Tana tsaye da tsakuwar a hannu sai ƙarar nan ta tashi daga ɗakin Auta, ƙarar da ke tashi kullum a wannan lokaci, doguwa, mai tsaga kunne. Ta rufe ido ta jira ƙarar ta mutu.

Su huɗu suka rage a gidan: Injiniya, da ita, da mahaifiyarsa da kowa ke kira Kaka, sai 'yarsu ƙarama da ake wa laƙabi da Kurciya saboda yadda take lallaɓowa ba a jin takunta. Na biyar ɗin shi ne Auta, jaririnsu, kuma Auta ya rasu.

Da ciwon numfashi aka haife shi. Likita ya ba su wata 'yar na'ura da ake maƙala masa a yatsan ƙafa tana nuna lamba. In lambar ta yi ƙasa, iska ba ta isarsa ke nan, sai a ɗaga shi a sa masa abin shaƙa. Uwar ta daɗe ba ta iya matsawa daga bakin gadonsa, ko wanka sai a gurguje. Injiniya kuwa aikinsa ke nan, rubuta wa kwamfuta umarni a wani kamfani. Sai ya ɗauko tsohuwar kwamfutarsa ya haɗa ta da na'urar, ya rubuta wata 'yar manhaja, ya kira matarsa ta zo ta gani.

“In lambar ta sauka, za ta aika saƙo, wayarki da tawa su yi ta kuka.”

“In babu sabis fa?” ta tambaya a hankali.

Ya yi dariya, ya ji daɗin tambayar. “Shi ya sa na shimfiɗa raga. Kin ga daga wannan layin zuwa wannan? Duk kuskuren da ya faru a tsakaninsu ba ya faɗuwa ƙasa, cikin raga yake faɗawa. Ragar kuma sai ta tada lasifikar nan. Ko kina saman bene za ki ji. Maƙwabta ma sai sun tsine mana.”

Ba ta iya karanta layukan ba, amma ta gane raga. Daga ranar ta fara barci kamar mutum.

Ranar da abin ya faru Kaka ta tafi a duba mata gwiwa, ta tafi da Kurciya. Injiniya yana hanya, cunkoso ya riƙe shi. Hadari ya taso da yamma, ita kuma ta hau saman bene kwashe shanya, waya na aljihun rigarta. Iska tana kaɗa zannuwa, yayyafi ya fara buga kwanon maƙwabta. Ta tsaya ta ninke kayan ɗaya bayan ɗaya, don ba ta son su yamutse. Da ta sauko, ɗakin shiru, Auta ma shiru.

Bayan an watse daga zaman makoki, Injiniya ya koma ɗakin ya zauna gaban kwamfutar. Abin da ta ajiye na ranar kaɗan ne: lamba ta sauka, an aika saƙo, daga nan ba komai. Saƙon bai iso wayar kowa ba. Ko lasifikar ta yi ƙara ko ba ta yi ba, wannan bai taɓa sa ta rubuta ba.

To shi ne ya fara gwaji. Kullum in ya dawo aiki, daidai lokacin da abin ya faru, sai ya shiga ya turo ƙofa. Ya zare wayar intanet, ya saukar da lambar da hannunsa, ya danna. Lasifika ta kwarma ihu. Gobe ya kashe akwatin intanet ɗin gaba ɗaya. Ihu. Jibi ya ɓata lambar wayar da gangan. Ihu. Duk kuskuren da ya ƙirƙira ya jefa mata, ragar sai ta cafke shi.

Kowane ihu kuwa abu ɗaya yake gaya wa matar da ke kicin: raga tana kamawa. In raga tana kamawa, to ranar ma ta kama, ƙarar ta tashi, uwar da ke ninke zannuwa ce ba ta ji ba. Bai taɓa faɗa mata haka ba. Da ma ya faɗa. Ita kuma da farko ta tabbata ba ta ji komai ba, amma yau da gobe, ta fara tambayar kanta ko iskar ce ta fi ƙarfin kunnenta.

“Kai da akwatin nan naka,” in ji Kaka wata rana ta bayan ƙofa, “ko liman ba ya riƙe lokaci kamar ku. Ka fito ka ci abinci, wanda ya tafi ba ya dawowa ta waya.”

“Ina zuwa, Inna,” ya ce. Bai zo ba.

Da can shi ke ɗauko Kurciya daga bakin ƙofa in rana ta faɗi. Yakan saɓa ta a kafaɗa kamar buhu yana cigiyar mai saye, tana ƙyalƙyala dariya. Yanzu wuce ta yake yi da jaka a hannu. Uwar ma, in za a faɗi gaskiya, takan zuba mata abinci ta yi mata wanka, amma idonta ba ya kanta. Kan yarinyar ya tsefe ya cukurkuɗe, ba wanda ya lura. In ƙarar ta kusa tashi sai ta fita ta zauna a dakalin ƙofar gida, ta toshe kunnuwa da yatsu, duhu ya same ta a can.

Tsakuwa ta ci gaba da faɗowa. A falo, a baranda, har cikin kofin shayin Kaka. Ba ta taɓa samun mutum, kuma ba ta faɗowa sai ƙarar ta kusa. Sannan aka fara jin murya. In lasifikar ta yi shiru, can ƙasa-ƙasa daga kusurwar ɗakin Auta, sai a ji kamar mace tana rarrashin jariri da hanci, ba kalma, sai amo. Kaka ta ji, ta ƙara tsawon addu'arta. Matar Injiniya ta ji, ta kama gefen tebur. Injiniya ya ce bututun ruwa ne.

Wata safiya Kurciya ta fito da kitso a kanta. Ƙanana, sirara kamar zare, a jere ba wanda ya karkace, irin wanda hannun mutum zai wuni bai gama ba.

“Ƙawata, wa ya yi miki kitso?” Kaka ta tambaya.

“Innar bakin ƙofa. Ta ce gashina yana da kyau, ba a dai kula da shi ne.”

Uwar ta jawo ta kusa ta duba kitson.

A yammacin ranar ba ta bar yarinyar ta fita ba, ta riƙe ta a kicin. Da ƙarar ta tashi, Kurciya ta sandare a hannunta. Idanunta suka juye, jikinta ya yi nauyi kamar an cika shi da yashi. Ta buɗe baki, sai muryar babbar mace ta fito, a dishe, a gajiye.

“A kashe abin nan. Na gaji. A kashe shi.”

Injiniya ya fito da gudu. Shi da uwar da Kaka suka taru a kan yarinyar da ko buhun shinkafa ba ta kai ba, suka kasa zaunar da ita. An kai ta asibiti, aka auna abin da za a auna, aka ce lafiyarta lau. Da rana takan zauna shiru tana kallon bango, ba ta amsa sunanta. Da magariba sai baƙuwar ta zo. Injiniya ya daina kunna lasifikar, amma bai daina zama gaban kwamfutar ba, ya rage mata murya ne kawai, yana kallon jan rubutun da ke fitowa a madadin ihun.

Kaka ce ta aika aka kira Malam, wani dattijo siriri mai karantar da manya, wanda aka san Allah ya ba shi sanin irin wannan. Ya zo da la'asar sakaliya, ya sha ruwa, ya nemi a zaga da shi gidan. A ɗakin Auta ya daɗe a tsaye. Gadon yaron na nan da shimfiɗarsa, 'yar na'urar na rataye a jikin ƙarfen gadon.

“Wannan ne ladanin gidan?” ya tambaya yana nuna lasifikar.

Ba wanda ya yi dariya. Ya gyaɗa kai, ya ce a shimfiɗa tabarma a nan, a kawo yarinyar.

Rana ta faɗi. Hasken taga ya koma ruwan toka, ba a kunna fitila ba. Malam ya dafa kan Kurciya ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, kamar mai hira da wanda ke kusa. Uwar tana rakuɓe a bakin ƙofa, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Tsakuwa ɗaya ta faɗo tsakiyar tabarma ta tsaya cak. Yarinyar ta ja dogon numfashi.

“Ya isa, Malam. Kana ƙona ni.”

“Sannu, baiwar Allah. Daga ina?”

“Daga nan. Na riga su zuwa gidan nan. A kusurwar can nake, ban taɓa taɓa musu ko tsinke ba.”

“To me ya haɗa ki da 'yar mutane?”

Muryar ta karye. “Ni ma na taɓa haihuwa, bai zauna ba. Da suka kawo yaron nan mai ƙaramin numfashi, ni nake zama a kansa in uwar ta gyangyaɗa. Ni ma rashi aka yi mini. Amma ban samu na yi kukana ba, kullum sai mutumin nan ya zo ya tada mini ranar sabuwa. Na yi jifa, ba su ji ba. Na fita bakin ƙofa don in huta, sai na tarar da yarinya a zaune cikin duhu, ba mai kiranta. Jiya haka, yau haka. Abin da aka yar, Malam, in wani ya tsinta sata ce?”

“Ba a yar da ita ba. Ga ubanta, ga uwarta. Ki ji tsoron Allah ki fita.”

Kan yarinyar ya juya a hankali har idanun suka sauka kan Injiniya, wanda ke durƙushe kusa da teburin kwamfutar.

“Wannan? Ba ita yake nema ba. Na san abin da yake nema, kuma ina da shi. Ina cikin ɗakin nan ranar. Na ga abin da akwatin ya yi, na san ko ya yi ƙara ko bai yi ba.” Ta sassauta murya kamar mai ciniki. “In gaya maka, Injiniya. Ka huta, ka yi barci. Ni kuma ka bar mini ita. Ba zan cuce ta ba, ka ga kitson da na yi mata.”

“Kada ka saurare ta,” in ji Malam. “Ko ta faɗa ba ka da hanyar sanin gaskiya ce. Ka ce mata a'a, da bakinka. Kai ne uba.”

Kowa ya jira. Kalma ɗaya ce, ƙaramin yaro ma ya iya ta. Injiniya ya buɗe baki. Idonsa ya tafi kan kwamfutar, ya dawo kan 'yarsa, ya sake komawa. Leɓensa yana motsi, ba abin da ya fito. A waje wani ya wuce da keke yana buga ƙararrawa, ƙarar ta yi nisa har ta ɓace, shi bai ce komai ba. Kaka ta fara salati ƙasa-ƙasa.

“Ya yi ƙara.”

Daga bakin ƙofa maganar ta fito. Matar da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban surukarta ba ta sauke mayafi daga fuskarta.

“Ya yi ƙara, Baban Kurciya. Na ji shi ina sama. Na ɗauka irin na kullum ne da yatsansa ke zamewa, na ce bari in ƙarasa ninkin. Aikinka bai yi kuskure ba, ni ce. Ga amsarka, ba sai ka saya a wurin kowa ba.” Ta rarrafo ta kama ƙafafun yarinyar ta rungume. “Ke kuma ki sakar mini 'yata.”

Injiniya ya yi wani sauti kamar an taka shi, ya kifa kansa a gwiwa.

Idanun da ke fuskar Kurciya suka daɗe a kan uwar. Baƙuwar kaɗai a ɗakin, bayan uwar, ta san abin da aka ji da abin da ba a ji ba a ranar. Uwar ta dube ta ido cikin ido, tana roƙo ba da baki ba.

“To,” muryar ta ce daga ƙarshe, a sanyaye. “Ashe tana da uwa.”

“Sai ki kama hanya,” in ji Malam.

“Da sharaɗi. A fitar da akwatin nan. A riƙa kiranta in rana ta faɗi, da sunanta, ba a aiko ba. Kuma a ba ni rigar yaron ɗaya.”

“Biyun farko hakkin yarinya ne, ko ba ki ce ba za a yi. Riga kuwa ba ki samu ba. Ba ma raba gado da ku.”

“Malam, ka cika rowa.” Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare a kuka. “To kitson fa? Kada a tsefe. A bar shi ya warware da kansa.”

Malam ya dubi uwar. Ta gyaɗa kai.

“An bar miki. Ki yi alkawari ba dawowa.”

Ta yi. Malam ya sa aka buɗe taga, ya ci gaba da karatu. Jikin yarinyar ya yi rawa tun daga kafaɗa har zuwa ƙafa, ɗan yatsanta na ƙarshe ya yi karkarwa ya tsaya. Labule ya ɗaga sau ɗaya, alhali ba iska. Kurciya ta yi atishawa, ta buɗe idonta nata na gaskiya, ta ce tana jin ƙishi.

Tsakuwa ba ta sake faɗowa ba. Injiniya ya naɗe wayoyin ya sa kwamfutar a kwali ya kai ta ɗakin ajiya. Bai yi wa matarsa faɗa ba, bai kuma sake kallon fuskarta ba. Yakan ce sannu, yakan ce na gode, kamar baƙon da ya kwana biyu. Ita kuma ta ɗauki abin da ta ɗora wa kanta tana yawo da shi a gidan, ba ta sauke ba. Kullum da magariba yakan tsaya a ƙofa ya kira Kurciya. Takan taso ta shigo, ta bi ta ƙarƙashin hannunsa ta wuce wurin uwarta.

Kitson ya fara warwarewa daga ƙeya lokacin da wata rana Injiniya ya dawo tun rana ba ta faɗi ba. Ya tsaya a ƙofar kicin, jaka a hannu, idanunsa jajur.

“Yau sabis ya yi ta jan ƙafa a ofis,” ya ce. “Wani abokin aikina ya kira ni in duba masa aikinsa. Saƙonni suna ɓacewa, ragarsa ba ta kama komai. Kallo ɗaya na yi na gani.” Ya ajiye jakar. “Ya aika saƙo bai ce a jira amsa ba. Manhajar ta aika, ta ga ba abin da ya faru nan take, ta naɗe raga ta wuce. Can daga baya labari ya dawo cewa saƙon ya mutu a hanya, ya tarar ba kowa. Haka na rubuta nawa. Ni da nake gwaji, zare wayar nake yi tun kafin a aika, kuskuren ya faɗo nan take raga na shimfiɗe. Ranar kuwa sabis ɗin bai yanke ba, rauni ya yi saboda hadari. Saƙon ya fita, ya mutu a hanya bayan an naɗe raga.”

Ta ci gaba da goge kofin da ke hannunta.

“Bai yi ƙara ba,” ya ce. “Ba yadda za a yi ya yi.”

“Na sani.”

“To don me kika...”

Ta nuna masa baranda da haɓa.

Kurciya tana zaune a ƙasa tana jera murafan kwalba. Ya je ya tsuguna a gabanta, ya daɗe yana neman ta inda zai fara.

“'Yar Baba, zo in ɗauke ki. Mu je mu nemi mai saye.”

Ta ɗora wani murfin a kan layi, ta daidaita shi da yatsa.

“Ranar ina jin ku,” ta ce, ba ta ɗago ba. “Ina can ciki, duhu, amma ina ji. Da ta ce ka bar mata ni, na yi ta jira ka ce a'a.”

“Zan ce. Wallahi zan ce.”

“Na yi ta jira, Baba.”

Ta tattara murafanta a gaban riga, ta miƙe, ta lallaɓa ta shige kicin. Yana nan tsugune da hannuwansa a buɗe har aka kira salla.